Takardar da Ta Ce Yayana Lafiyarsa Ƙalau

Ni na jawo wa kaina, babu wanda ya aike ni. Da na riƙe bakina a zauren surukin yayana, da yau ba na zaune ina wannan rubutu. Amma bari in faro daga yadda takardar ta shigo hannuna.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Talata Mafara. Mutane suna ce mini likita, ni kuma ban taɓa hana su ba, alhali aikina bai wuce awon jini da allura da rubuta kati ba. Wata rana wata likitar ƙwaƙwalwa ta zo daga Sakkwato tana neman wanda ya san ƙauyuka, wanda kuma zai iya karanta wa mutane tambayoyi ba tare da ya ƙara gishiri ba. Aka nuna ni.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce akwai wani hali da idan ya yi yawa yakan zama ciwo. Mutum ya zama komai sai ya daidaita cif, ba ya iya barin wa kowa aiki, ba ya iya jefar da tsohon abu, ba ya hutawa, har ya gallabi kansa ya gallabi na kusa da shi. A ƙasashen waje an tsara tambayoyi don gano mai irin wannan hali, an kuma juya su zuwa Hausa. Abin da ba a sani ba shi ne ko takardar za ta kama wanda ya kamata ta kama a nan wurinmu. Aikina in karanta wa mutum tambaya, ya zaɓi amsa ɗaya cikin biyar: kullum, sau da yawa, wani lokaci, da wuya, ko ban taɓa ba. Daga baya ita za ta zauna da wasu daga cikinsu ta duba su da kanta, a ga ko bakinta da na takarda zai zo ɗaya.

Tana magana, ni yayana nake gani.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Yana zaune a Bakura, yana noman shinkafa da albasa. Shi ne mutumin da ke jan igiya kafin ya yi kunya a gona, in kuma ya hango ɗaya ta ɗan karkace sai ya rushe ta ya sake, ko da rana ta take tsaka. 'Yan ƙwadago sun daina zuwa gonarsa, don suna tashi zai bi bayansu yana sake abin da suka yi. A gidansa akwai ɗaki guda da babu mai kwana a ciki sai tsofaffin buhuna, karyayyun ƙotoci, da takalman da ko mai ɗinkin takalma ya gaji da su. Bai taɓa dukan kowa ba, ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Kalmarsa ɗaya ce, kuma cikin sanyin murya yake faɗinta: "Kawo in gyara."

Wannan kalmar ce ta kori matarsa. Ni da ita akwai wasa, ina ce mata matata, tana ce mini ƙaramin mijin da ba ya cefane. Mace ce mai dariya, amma na ga yadda dariyar ta riƙa raguwa shekara bayan shekara. Ta yi shara, ya sake. Ta ninke kaya, ya warware ya ninke. Abin da ya kai ta bango ya faru ne ana gobe sunan wata maƙwabciyarta. 'Yan'uwanta mata sun zo daga garinsu Kaya, sun wuni suna tsintar shinkafar da za a dafa. Yaya ya shigo, ya tsoma hannu a kwano, ya ci karo da tsakuwa ɗaya. Wallahi sai ya shimfiɗa tabarma, ya juye shinkafar duka, ya zauna a tsakiyar mata yana tsinta ƙwaya ƙwaya. Washegari bayan an watse daga suna ta goya ƙaramin ɗanta ta bi 'yan'uwanta gida.

Inna ta tura ni biko tare da kawunmu. Muka isa Kaya da hantsi, muka zauna a zauren mahaifinta. Aka gaisa, aka tambayi gida, da aiki, da gajiya, da ruwa, da hanya, aka sake komawa kan gida. Sai da gaisuwa ta ƙare kakaf sannan dattijon ya gyara zama.

Ya ce, "Ɗiyata ba ta ce an buge ta ba. Ba ta ce an hana ta abinci ba. Na tambaye ta mi ya yi mata, ta ce bai yi komai ba, tana faɗi tana kuka. To ni abin ya ɗaure mini kai. In ciwo ne ke gare shi, ba a gudun mai ciwo, ta koma a nema masa magani, ita ma ta yarda da haka. In kuwa halinsa ne, to ba zan tilasta ta ta ƙare rayuwarta a haka ba."

Nan ne fa bakina ya buɗe. Na gyara hula, na ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Akwai takarda a hannuna yanzu haka, ta likitoci, da ke rarrabe ciwo da hali. A ba ni mako biyu."

Kawu ya dube ni da mamaki. Dattijo ya ce to, madalla, Allah ya yi mini albarka. Na fito ina jin kaina wani babba. Ban ko tuna cewa likitar ta ce ita kanta takardar ce ake gwadawa ba.

Na fara aikin a Ruwan Gizo. An ce in ja mutum gefe in tambaye shi shi kaɗai. Haba, ina gefe a ƙauye? Duk inda na shimfiɗa tabarma, kafin in gama tambayar farko mutane sun zagaye mu, kowa da shawararsa.

Wata tsohuwa na karanta mata: "Shin yana yi miki wuya ki jefar da tsohon abu ko da ba shi da amfani?"

Ta ce, "Abin da ba shi da amfani kamar mi?"

Na ce, "Kamar ƙwaryar da ta fashe."

"Ai ɗinkewa ake yi."

"In ta ƙi ɗinkuwa fa, Inna?"

"Kaji su sha ruwa a ciki. Kai yaro, a gidanku zubarwa kuke yi?"

Aka bushe da dariya. Na rasa abin da zan sa mata, na sa kullum.

Ranar kasuwar Talata na samu wani makiyayi a kara, inda ake sayar da shanu, ya yarda zai amsa. Na tambaye shi ko yana jin nauyin barin wa wani aikinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shanun nawa? In bar wa wa?" Kullum. Wani malamin allo kuma na tambaye shi ko yana da tsantseni kan halal da haram fiye da yadda ake bukata. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Akwai fiye da yadda ake bukata?" Kullum.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani mutum ne da duk garinsu an san ciyawa ta fi gero yawa a gonarsa. Yana zaune gindin bishiya tun safe, har ƙasa ta yi rami a wurin zamansa. Kana fifita aiki kan hutu? Ya bugi ƙirji, kullum! Kana son komai ya fita tsaf babu kuskure? Kullum, ai ni ba na wasa da aiki! Mutane suna ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Daga baya na gane abin da ke faruwa. A kunnen mutanenmu tambayoyin nan ba alamomin ciwo ba ne, kirarin mutumin kirki ne. Wa zai zauna gaban jama'a ya ce shi ba ya son aiki mai kyau, ko shi almubazzari ne?

Maimakon in damu, sai na yi murna. Na ce a raina, in waɗannan sun haye layin da likita ta ce daga nan ake zargin ciwo, to yayana sai ya fasa ma'aunin.

Na same shi a gona ranar wata Alhamis, yana duƙe cikin albasa. Sai da ya kai ƙarshen layin da yake kai sannan ya ɗago ya amsa sallamata. Ya rame sosai. Muka zauna gindin dogon yaro. Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa abin da surukinsa ya ce da alkawarin da na ɗauka. Na ce, "Yaya, in takarda ta nuna ciwo, matarka za ta dawo. Ka ji ni da kyau ko? Kai dai ka faɗi gaskiya."

Ya ce, "To ai gaskiyar za a faɗa."

Na karanta ta farko. "Kana jin nauyin barin wa wani aikinka?"

Ya ce, "Shekarar da na yi zazzaɓin nan mai zafi, ɗan kawu ne ya yi mini ban ruwa kwana huɗu."

"Yaya, a kwance kake, ba ka ko iya tashi."

"Amma dai na bar masa. In na ce kullum na yi ƙarya. Sa wani lokaci."

"Ko sau da yawa?"

"Nawa ne da yawa? Ban ƙirga ba. Ba zan faɗi abin da ban ƙirga ba."

Na ci gaba. "Kana yin aikinka tsaf, babu kuskure?"

Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ban so jinta ba. Ya nuna gonar da hannu. Ni abin da nake gani layuka ne a miƙe kamar an ja su da alƙalami. Ya ce, "Dubi na ukun can, ya shiga cikin na huɗu. Dubi bakin kwalbatin nan. Ni tunda nake ban taɓa gama wani abu na dube shi na ce ya yi ba. Sa ban taɓa ba."

"Yaya, don Allah!"

"Sa abin da na ce."

"Kana ganin ka fi mutane tsari?"

"Ni? Sakaci ne ya yi mini yawa, shi ya sa nake komawa in duba. Da wuya."

"Yana yi maka wuya ka jefar da abin da ba shi da amfani?"

"Ban taɓa ajiye abin da ba shi da amfani ba."

Na tuna ɗakin buhunan nan, na ji kamar in tashi in yi ihu. Mun fara da hantsi. Muka tashi muka yi azahar muka dawo. Abin da kowa ke gamawa kafin shayi ya huce, mu sai dab da la'asar muka kai ƙarshe. Kowace tambaya sai ya juya ta, ya nemo rana ɗaya a rayuwarsa da bai yi hakan ba, ya ce saboda ranar nan ba zai iya cewa kullum ba, don za a tambaye shi gobe kiyama. Raina ya ɓaci har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kai ba ka son ta dawo ne?"

Ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ina so mana. Tun da ta tafi abinci ba ya wuce mini. Amma in ta dawo a kan ƙarya, ya zan yi in dube ta?"

Washegari da safe ina cikin yi wa wata mata awon jini sai ga shi a bakin asibiti, ya hawo babur tun daga Bakura. Zuciyata ta yi fari, na ce ya yi tunani. Ashe ya zo ne in gyara amsa ɗaya. Wadda ya ce sau da yawa, ita kaɗai tilo, ya tuna wani abu, a mayar da ita wani lokaci.

Da na tara makinsa, bai ko kusa da layin ba. Mai gonar ciyawa kuwa ya haye can sama. Na sake tarawa, na sake. Na zauna ina kallon takardun biyu, kaina ya ɗaure tamau. Wanda na tabbata shi ne mai abin, takarda ta ce lafiyarsa ƙalau. Wanda ko tsinke ba ya ɗagawa, ta ce a kai shi asibiti. To ko ni ne ban gane aikin ba? Ko kuwa yayana lafiyarsa ƙalau ɗin, mu ne malalata?

Na kira likitar a waya na zayyana mata komai, har da maganar Kaya. Da farko har da ɗoki a muryarta, ta ce ai irin wannan ake nema a sani, wataƙila takardar ba ta aiki a nan yadda take, sai an sake zama a kanta. Da ta ji alkawarin da na yi kuwa, muryar ta sauya. Ta ce wa ya ce mini takardar da ake gwadawa za ta yanke hukuncin aure? Ko wadda aka gama gwadawa ba ta yanke wa mutum ciwo ita kaɗai.

Na ce, "To, likita, shi yayan nawa ciwo ne ko hali?"

Ta ce ba za ta iya faɗi a waya ba, sai ta gan shi. Ko ta gan shi ma, in ji ta, wannan abin yana zaune ne a tsakani, hali ne da ya yi tsanani har ya cutar, ba irin zazzaɓi ba ne da za a ɗebi jini a nuna. Na kashe waya na fi da rikicewa. Na je na roƙi Yaya ya bi ni Sakkwato. Ya ce albasa na bukatar ruwa, kuma wa zai bar wa, sannan ai takarda ta riga ta yi magana.

Ba zan ɓoye ba, na ɗauko sabuwar takarda na riƙe biro. Babu wanda zai sani. In cike ta da kullum daga sama har ƙasa, in kai Kaya, magana ta ƙare. Kuma a ganina ba ƙarya ba ce, don ni na san shi. Na sa alama a tambaya ta farko, na sa a ta biyu. Sai na ga fuskarsa a gindin dogon yaro. Mutumin da ya san abin da zai rasa, ya ƙi cewa kullum, ni zan je in faɗa da sunansa? Na yaga ta. Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Ranar da mako biyu suka cika na tafi Kaya ni kaɗai, bayan Yaya ya ce in faɗi duk abin da ya faɗa, kada in rage. Aka kira matar yaya ta zauna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi. Ko wasan da muka saba ba ta yi mini ba. Bayan gaisuwa dattijo ya ce, "To, likita, mi takarda ta ce?"

Na ce, "Baba, takarda ta ce lafiyarsa ƙalau. Amma takardar ce ba ta da tabbas, ni ne na yi azarɓaɓi."

"To kai mi ka gani? Ciwo ne ko hali?"

"Wallahi, Baba, ban sani ba."

Matar yaya ta ce in karanta mata tambayoyin, ta ji abin da aka tambaye shi. Na fara karantawa. Kafin in rufe baki take cewa kullum. Kullum. Kullum. Da muka zo kan ta yin aiki tsaf, ta ce, "Shi mi ya ce a nan?"

Na ce, "Ya ce tunda yake bai taɓa gama wani abu ya dube shi ya ce ya yi ba."

Sai ta ce, "Ni duk shekarun nan na ɗauka aikina ne kaɗai ba ya yi masa. Ashe har da nasa." Ta share ido da bakin mayafi. Na ce a raina shi ke nan, an yi nasara. Sai ta ce, "Ka gaya masa na ji tausayinsa, wallahi na ji. Amma in shi kansa bai san yana yi ba, yaushe zai daina? Baba, ni na gaji."

Dattijo ya sunkuyar da kai. Ya ce ya riga ya yi magana, ba zai sauya ba. Na tashi da wuri don hanyar Maradun da ake bi daga Kaya ba a yin yamma a kanta saboda rashin tsaro. Ban tsaya Talata Mafara ba, na zarce Bakura.

Yana gona. Wannan karon bai jira ya kai ƙarshen layi ba, yana hango ni ya saki fartanya ya taho. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya zauna a kan kunya, ya dafe gwiwoyinsa.

Ya ce, "Ka tabbata ka tara makin daidai?"

"Sau uku na tara, Yaya."

"Lafiyata ƙalau ke nan."

"Haka takarda ta ce. Amma ita takardar..."

Ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce, a hankali, "Ni fa na sa rai za ta ce ciwo ne. Ciwo ai ana shan magani. In ba ciwo ba ne, ƙanena, to gaya mini, mi zan yi da kaina?"